Majigi a tsakar gida: allon da ba sai an sayo a kanti ba

Majigi ya dawo, sai dai wannan karon ba a mota ya zo ba. A ɗan kwali yake zuwa, wani ma bai fi babban gwangwanin madara girma ba. Duk wanda ya ratsa Adum wajen masu sayar da waya, ko ya kutsa cikin Kejetia, ya gan su jere a kan kanta, kuma 'yan uwanmu masu zuwa Dubai da Cana sukan sako biyu ko uku cikin kaya, ɗaya na gida, sauran na sayarwa. Ana jona shi da waya ko da na'urar tauraron ɗan'adam, ya watsa hoto a bango ya fi ƙofar ɗaki faɗi.

Inda maganar take shi ne bayan an gama ciniki. Mai kaya zai sunkuya ya jawo wani dogon kwali ya ce, "Hajiya, ai sai kin haɗa da allonsa, in ba haka ba hoton ba zai fito ba." In kin tambayi kuɗin allon, wani lokaci sai ki ji ya kusa kamo kuɗin majigin kansa. Ni yadi nake sayarwa, shekara da shekaru, kuma ina gaya muku allon nan ba komai ba ne face ƙyalle da sanda. Abin da yake yi, akwai abin da zai yi shi a cikin ɗakinku ko a wajen telanku. Illa dai ba kowane farin ƙyalle ba ne, kuma ba kowace irin ratayewa ba.

Kalmar majigi kanta tsohuwa ce. Daga sunan wata fitilar Turawa mai haska hoto a bango ta fito, wadda suke ce wa "majik lantan", bakin Bahaushe ya murɗa ta. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, motoci suka riƙa bi gari-gari da janareto da farin allo. A Arewacin Najeriya a ƙofar fada ake kafawa bayan dare ya yi, a nuna tsabta da rigakafi da noman auduga, daga baya har da rangadin Sardauna. Nan Gana ma motocin hukumar yaɗa labarai sun daɗe suna irin wannan yawo. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 kuma sai ga masu gidajen bidiyo na tafi-da-gidanka, da talabijin da janareto, suna tallar fim da hotunan da masu zane suka zana da fentin mai a kan buhunan fulawa da aka ɗinke biyu-biyu. Yau waɗannan buhuna masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai ne suke sayensu. Wato ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa kayan kicin da fim ba su rasa dangantaka ba. Sai dai kada wani ya ɗauko buhun fulawar yanzu ya ce zai yi allo da shi. Na da na auduga ne, na yanzu saƙar roba ce, yana ƙyalli kuma haske yana zuba ta ramukansa kamar rariya.

Abin da ya kai ni ga wannan sha'ani ba son kallo ba ne. Maigida fataken albasa ne, in ya haura Nijar sai ya yi mako biyu ko uku bai sauko ba. Ni kuma ina kasuwa sai yamma. A unguwanninmu, daga nan Suame har Aboabo da Asawase, wuraren da ke da babban talabijin da ƙwallon Turai galibi shagunan cacar ƙwallo ne. Yaro ɗan shekara goma sha uku zai ce miki, "Umma, zan je kallon bal." Gaskiya ya faɗa, kallon zai je. Amma a bakin ƙofar wa zai tsaya, kuma me zai ga manyansa suna yi da 'yan takardu a hannu? Doka ta ce sai mai shekara 18, amma doka ba ta hana ido gani. Hana yaro fita ba tare da an ba shi abin da ya fi na wajen ba, wahala ce kawai. Na ga in hoton gidanmu ya fi na shagon girma, to na sami abin da zan yi ciniki da shi.

Abu uku da ake nema a jikin allo

Majigi ba kamar talabijin ba ne. Talabijin daga cikinsa haske yake fitowa, shi kuwa majigi jefa hasken yake yi, allo ya maido wa ido. Don haka abu uku ake nema: ya miƙe sumul babu tamoji, kada ya yi ƙyalli, kada haske ya ratsa shi ya fice ta baya. Akwai na huɗu da ya fi su duka, amma shi ba a jikin allon yake ba, duhu ne. Zan zo kansa.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai tocilan wayarki. Ki ɗaga ƙyallen, ki kunna tocilan a bayansa. In kin ga hasken ɓaro-ɓaro ta gaba, to haka hasken majiginki zai tsere ya je ya haska bangon maƙwabta, ke a bar ki da hoto mai kama da wankakken zane. Sannan ki haska shi ta gaba, ki ɗan karkata. In ya mayar miki da walƙiya a ido, a lokacin kallo za ki ga wani farin tabo a tsakiyar hoton yana bin duk inda kika zauna, gefe-gefe kuma ya dushe.

Da wannan gwaji shadda ta faɗi tun a zagayen farko. Na san akwai wadda za ta ce tana da farar shadda a akwati ba ta amfani da ita. Ki bar ta a akwatin. Ƙyallin da ya sa muke sonta shi ne aibinta a nan, ga kuma zanen da ke cikin saƙarta, wanda zai riƙa fitowa a fuskar ɗan wasa kamar ya yi ƙyanda. Leshi da satin ba a ma maganarsu. Akoko ba ya ƙyalli, amma ba fari ba ne tas, yana da ɗan ruwan madara, sai ki ga sararin sama ya koma kamar na lokacin hazo. Wanda aka wanke da bula shi kuma yana ja wa hoto shuɗi, amma nasa laifin kaɗan ne, ido yana sabawa.

Zanin gado fari na auduga shi ne abin da kowa ya fi farawa da shi, kuma yana yi, da sharaɗi ɗaya: a yi masa baya. Ko a ninka biyu, ko a sa baƙin yadi ko wani tsohon bargo mai duhu a bayansa. Ninki biyu na fari yana ƙara haske. Baƙi a baya ba ya ƙara haske, amma yana hana hasken da ya ratsa ya daki bango ya dawo ya dama hoton. In da hali a haɗa duka: fari biyu, baƙi ɗaya.

Wanda ya fi duka a wurina shi ne yadin da ake yi wa labule shafi don ya tare rana, irin na ɗakunan otal. Masu ɗinkin labule sun san shi. Gefe ɗaya yana da laushi kamar yadi, ɗaya gefen santsi kamar an shafa masa roba. Haske ba ya ratsa shi ko kaɗan, yana da nauyin da ke sa shi ya miƙe da kansa, kuma ƙura ba ta shiga jikinsa, da ɗanyen tsumma ake gogewa. Ki gwada gefen biyu da tocila ki zaɓi wanda bai ƙyalli.

Sai ƙyallen talla na roba, wanda ake bugawa don jana'iza ko siyasa ko taron coci. A Kumasi kam wannan ba ya yankewa, duk ranar Asabar sai an sauke wasu, bayan zaɓen Disambar 2024 kuwa har rufin rumfa aka yi ta yi da su. Bayansa fari ne ko ruwan toka, ruwa ba ya taɓa shi, kuma sau da yawa kyauta ake bayarwa. Matsalarsa biyu. Wani yana ƙyalli, wani kuma in siriri ne sai fuskar mamacin ko ta ɗan takarar ta riƙa leƙowa daga baya a tsakiyar fim. A nemi mai kauri. In ya yi tamoji a shimfiɗa shi a rana ya yi laushi a ja shi, kada a kai masa dutsen guga, narkewa zai yi.

Bango kuwa, in gidanku ne ko mai gida ya yarda, ya fi komai sauƙi, domin ba a naɗewa ba a warwarewa. A shafe ramukan, a goge da takardar yashi har tafin hannu ya daina jin tudu, a sa fentin ruwa marar ƙyalli shafi biyu ko uku. Fentin mai ba ya yi. Farar ƙasa tana yi na ɗan lokaci, amma damina ɗaya take ɗauka ta fara ɓarewa. Wasu sukan ɗiga baƙi kaɗan a cikin farin fentin ya zama ruwan toka mai haske, don baƙin hoto ya ƙara zama baƙi. Dabara ce mai kyau ga majigi mai ƙarfi. Ga ƙananan nan namu, waɗanda da ƙyar suke fitar da hasken, ni fari nake ba da shawara, kada a ƙwace wa mai ƙaramin ƙarfi abin da yake da shi.

Awo

Nan ne mutane suka fi cutar kansu, saboda kowa babba yake so. Hoton zamani awonsa 16 ne a faɗi, 9 a tsayi. In aka mai da shi harshen tela: tsayi yadi ɗaya, wato inci 36, yana tafiya da faɗin inci 64. Yadi mai faɗin inci 45 kuma a yanko inci 80, yadi biyu da inci takwas ke nan, a ƙara na kalmasa. Mai faɗin inci 54 yana son inci 96, shi ne abin da masu kanti suke kira allo mai inci 110, domin su daga kusurwa zuwa kusurwa suke aunawa. Kowane ɗaya a kwance ake rataya shi, faɗin yadin ya zama tsayin allo, ta haka babu ɗinki a tsakiya. Ɗinki a tsakiyar allo kamar tsaga ce a madubi, ido ba ya barinsa.

Mai son na katako, filawud guda ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato inci 48 da 96. A zana inci 45 da 80 a tsakiya a yi masa fari, abin da ya saura a gefuna a yi masa baƙi. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai nauyi, ga neman wurin jinginawa inda ruwa ba zai kumbura shi ba.

Ga abin da mai kaya ba zai gaya miki ba. In kin ja majigi baya har faɗin hoton ya ninka biyu, filin da hasken yake rufewa ya ninka huɗu, don haka hasken kowane wuri ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Miya ɗaya ce, kin ƙara mata ruwa. Lambar da ake rubutawa a jikin kwali kuma, 8000 ko 9000, ba ita ce abin dubawa ba. A nemi wadda aka rubuta ANSI a gefenta, ita ce awon da aka yarda da shi, kuma a ƙananan majigai sau da yawa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Mai irin wannan, ya tsaya a inci 64 zuwa 80 a faɗi, zai ga hoto garau. Kafin a yanka yadi ma, a kunna majigin da dare a jikin bango, a matsa gaba a matsa baya har a sami girman da hoton bai dushe ba, a sa alli a kusurwa huɗu, a auna. Wannan awon za a kai wa tela.

Mu da muke Suame, Allah ya ajiye mu kusa da Magazin, inda babu abin da ba a ƙerawa. Wurin ya ci sunansa ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, inda masu gyaran mota suka fara taruwa kafin a dawo da su nan, kuma yau yana cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka. Tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikinsa don koya wa masu sana'a sababbin dabaru. Mutanen da suke ƙera injin niƙa da bodin tirela, firam ɗin allo ba aiki ba ne a wurinsu.

Amma ba lallai sai an je ga mai walda ba. Mafi sauƙi, tela ya yi kalmasa mai faɗi sama da ƙasa, yadda sanda za ta shige. A sama a zura gora miƙaƙƙiya ko bututun ƙarfe siriri, a ƙasa a zura wani mai ɗan nauyi. Nauyin na ƙasa shi ke ja ƙyallen ya miƙe. Bututun roba na famfo yana yi a ƙasa in an cika shi da yashi an toshe bakinsa, amma a sama lanƙwashewa yake yi a tsakiya, allon ya yi tumbi. Namu na kai shi wurin masu ɗinkin kujerun mota da tampol, suka buga masa idon ƙarfe a gefuna, tsakanin kowanne kamar taki ɗaya. Mai walda ya haɗa mana firam da bututu mai kusurwa huɗu, ya fi ƙyallen girma da ɗan yatsa huɗu ta kowane gefe, ana kwance shi gida huɗu da noti. Sai yara su ɗaure ƙyallen a jiki da robar cikin taya, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan keke. Robar tana ja ta ko'ina daidai, allo ya ɗame kamar fatar ganga, ko guga ba ya so.

Ranar da aka fara rataya shi ba shi da baƙin gefe, fari ne fat. Surukata ta fito alwalar magariba ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya rasu?" Na ce, "Inna, na kallo ne." Ta ce, "To ku cire mini shi daga ido. Ban ga dalilin da za a shanya wa tsohuwa likkafani a tsakar gida tana ji tana gani ba." Washegari na yanko baƙin yadi, tela ya kewaye shi da shi, faɗin inci uku. Inna ta duba ta ce yanzu ya zama allo. Ga shi kuma baƙin gefen yana da nasa amfanin, wanda masu allon kanti suka daɗe da sani: yana shanye hasken da ya zarce, yana ɓoye 'yar karkatar hoto, kuma ido yana ganin launi ya fi kama idan akwai baƙi kewaye da shi.

Ita Innar ce kuma ta fi kowa cin moriyarsa, ta hanyar da ban taɓa kawowa ba. Idonta ya yi rauni, in 'yarta da ke aure a Maraɗi ta kira ta bidiyo, murya kawai take ji, fuskar a waya ba ta fi mata ƙwayar goro ba. Wani dare babban ɗana ya jona wayar da majigi. Fuskar ƙanwar maigida ta cika allo, da jaririn da aka haifa bayan Inna ta baro gida. Tsohuwa ta tashi da sandarta ta matsa har inuwarta ta rufe rabin hoton, yara suna "Kaka, ki koma baya, kin tare." Ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kunnen Malam ne da shi." Malam shi ne mijinta, ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. Tun daga ranar, daren Juma'a nata ne, babu ƙwallo babu fim sai an gama gaisawa da Maraɗi.

Duhu, iska da wuta

Duk kyan allo, rana ta fi shi. Majigi ba ya iya zana baƙi, inda hoto yake da baƙi hasken kawai yake ɗaukewa, abin da ya rage shi ne launin allon. In akwai haske a wurin, baƙinki fari ne. Wasannin Gana a gasar cin kofin duniya ta 2022 duk da rana aka buga su a agogonmu. Wanda aka ci Koriya ta Kudu 3 da 2, ranar 28 ga Nuwamba, da Kudus ɗan Nima ya zura biyu, ƙarfe ɗaya na rana aka take shi. Duk wanda ya kafa allo a fili ranar, murya ya sha. Irin wannan sai a shiga zaure ko falo, a toshe taga da bargo, a haƙura da zafi. Na Masar kuwa, a gasar Afirka ranar 18 ga Janairun 2024, da aka tashi 2 da 2, shi ma Kudus ya ci duka biyun, da dare aka yi shi, kuma tsakar gidanmu har bakin ƙofa mutane ne.

Sa'armu a Kumasi ita ce rana ba ta da jinkiri. Rani da damina wajen ƙarfe shida take faɗuwa, kafin a sallame isha duhu ya kama sosai. Abin da ya rage shi ne ƙwan lantarkin tsakar gida da na shagon maƙwabci. A juya allon ya ba su baya, kada ya fuskance su. Kashe ƙwai ɗaya ya fi sauya majigi amfani.

Siririn zanin gadon da na kushe ɗazu yana da ranarsa. In aka ajiye majigi a bayansa, hoton yana ratsowa gaba, kuma a cikin saitin na'urar akwai inda ake juya hoton don rubutu ya karantu. Amfaninsa, waya da na'ura duk suna can baya, yara ba sa tuntuɓe da su, babu mai gilmawa ya jefa inuwa. A wata walimar sauka a unguwarmu na ga an rataya irinsa a bakin zaure, maza suna kallo ta waje, mata ta ciki, allo ɗaya ya zama labule kuma. Sai dai ɓangare ɗaya dole ya ga komai a juye, mai salla a hoto ya ɗora hagu a kan dama, rubutu kuma ya koma baibai. Ga hotunan biki babu laifi, ga karatu da tafsiri bai dace ba.

Iska ita ce abokiyar gabar allon waje. Ƙyallen da ya kai yadi biyu da rabi, in iskar hadari ta cika shi, zai iya kifar da firam ɗin ƙarfe a kan yaran da ke zaune a gaba, kuma su ne kullum a gaba. A ɗaure saman firam a jikin bango ko ginshiƙi, a danne ƙafafunsa da bulo. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, da an ji iska ta sauya a fara kwance allo kafin a kwashe shanya. Kada a naɗe shi da danshi, garin nan da laima, kwana uku ya isa ya yi hunhuna, tabonta kuma ba ya fita. Naɗewa ake yi a jikin sanda kamar tabarma, ba a ninkewa. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce matsalar, ba ga allon kaɗai ba, har ga majigin, domin fankarsa tana zuƙar ta. A mayar da shi kwali bayan kallo, gilashinsa kuma a goge da ƙyallen tabarau, ba da bakin zane ba.

Wuta kuma kowa ya san halinta tun zamanin dumso. In ta ɗauke a zare majigi daga soket, domin dawowarta ce take ƙona kaya. Wayar da aka jawo daga ɗaki kada ta kwanta a inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, a rataye ta sama. Maganin sauro mai hayaƙi a nisanta shi da allon. Yara kuma a hana su leƙa idon majigi yana kunne.

Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da Dagomba da Frafra da Asante, wani Musulmi wani Kirista. Allo ba ya damun kowa, lasifika ce take haɗa faɗa. Mu mun yi magana da mutanen gida tun farko: ba a kunnawa sai bayan isha kuma sai yara sun dawo daga makarantar dare, ƙarfe goma a rage murya, ranakun makaranta ba a kunnawa sai in babban wasa ne. Maƙwabciyata ta roƙi daren Lahadi don waƙoƙin cocinsu, na ba ta, ita kuma take ara mana bencinta. Wanda ya fara karɓar kuɗin shiga kuwa ya san ya bar sha'anin gida ya shiga kasuwanci, kuma kuɗin tauraron da ake biya na gida ba na gidan kallo ba ne.

Rigimar da ta rage ta abin da za a kalla ce. Samari ƙwallo, 'yan mata Labarina da Daɗin Kowa, Inna tafsiri, musamman da azumi. Ni nakan saukar da fina-finan Hausa a waya daga tashoshin masu su a YouTube, don kada intanet ta riƙa yankewa ana tsakiyar kallo, kuma ina da wata manufa a ciki. 'Ya'yanmu na Zango Hausarsu ta nan ce, gauraye da Twi da Turanci, mace da namiji duk "ya zo" ne. Ana cikin kallon Izzar So ƙaramar 'yata ta juyo ta ce, "Umma, don me suke cewa ta tafi?" Na ce don mace ce. Ta yi shiru, can ta nuna kakarta ta ce, "To Kaka ta yi barci." Inna ta buɗe ido ta ce ita ba barci take ba, tana ji.

Mai waldar da ya yi mana firam ya ce tun daga namu ya yi wasu, har da na wata makarantar Islamiyya da ke son nuna wa yara yadda ake aikin Hajji. Ya ƙara wata dabara da babu a namu: ƙugiya biyu a sama, yadda za a rataya firam ɗin a kan katanga ba sai an yi masa ƙafa ba. In maigida ya sauko daga wannan tafiyar zan sa a kai namu a ƙara masa, kafin ruwan Afrilu ya fara.